Kabari Huɗu a Cikin Dawa

A gidanmu haƙar kabari gado ce, ko da yake ba wanda ya taɓa kiranta sana'a, tunda ba abin da ake ba ka sai "Allah ya ba da lada". Mahaifinmu ya yi ta har ƙarfinsa ya ƙare, ni kuma na tashi na tarar da diga a jingine a zaure. Na yi 'yan shekaru ina malamin gona a Gwarzo, da babur ɗin gwamnati da biro a aljihun gaba, har zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka rage ma'aikata, aka haɗa da ni. Na dawo ƙauyenmu, nan gefen Garo a ƙasar Kabo, na kama fartanya, na kuma kama digar tsoho. In aka yi rasuwa, kafin mata su gama kukan farko an aiko mini da karan dawar da aka auna tsawon mamaci da shi, in ɗauka in yi gaba.

Matsin nan ne kuma ya kai ƙanena aikin soja. Taki ya gagari talaka, gona ɗaya ba ta riƙe mu duka, shi kuwa dogo ne mai ƙirar ƙarfi, ba ya son zaman banza. Ba shi kaɗai ya tafi ba. Akwai abokinsa, ɗan wani malamin firamare Kirista daga kudancin Kaduna, malamin da ya koya wa rabin ƙauyen nan boko, har da ni. A gidan malamai na ƙauyenmu aka haifi yaron, a akushi ɗaya suke cin tuwo da ƙanena, Inna mahaifiyarmu ba ta bambanta su ko a wajen duka. Tare aka ɗauke su, tare aka kai su yaƙin ƙasashen bakin teku, Laberiya da farko, daga baya Saliyo.

Wata rana sojoji biyu suka yi sallama da jaka da takarda. Muka shimfiɗa tabarmi aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, amma ba wanda ya aiko mini da kara. Digar tana nan a jingine har aka watse, ina wucewa ina kauda kai.

Inna ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Ba ta yi kuka mai yawa ba, tambaya ɗaya ce ta tsaya mata a rai: yaya aka kwantar da shi? Mu kabarinmu kudu da arewa ake haƙa shi. A fara da uwa mai faɗi, sannan a tsakiyarta a tsaga 'ya, siririya, daidai mutum a kishingiɗe. A cikin 'yar ake sa mamaci a kan damansa, kai a kudu, fuska tana kallon gabas, wajen alƙibla. A jera itace a kan gaɓar, a rufa ganye, a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a mayar da sauran. Liman ya zo har ƙofar ɗakinta ya yi mata bayani, cewa wanda ya mutu a irin wannan hali ba laifi a kansa, ƙasa duk ta Allah ce, kuma Allah ya san inda bawansa yake. Ta ce, "Na ji, Malam, na gode." Yana fita ta dube ni ta ce, "Na shirya 'ya'yan mutane da hannuna, nawa ban san inda fuskarsa take kallo ba."

Shekara biyu tana riƙe da wannan, har abokin ƙanena ya dawo. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ce, farkon damina. An sallame shi saboda kunnensa na hagu ya mutu, ya dawo da igiya biyu a kafaɗa, shi ya sa kowa ya koma kiransa Kofur. A lokacin Kiristocin yankinmu zaman ɗar-ɗar suke yi, tun bayan rikicin addinin da ya faru a Kaduna. Wasu 'yan kasuwa mutanen Filato da ke Gwarzo har sun kwashe iyalansu. Tsohon malaminmu ya ce shi kam ba inda za shi, nan haƙoransa suka zube, nan zai ƙarasa.

Majalisar gindin ceɗiya da ke bakin titi kuwa ta samu abin yi. Mutanen da ko yankan rago sai sun kira mahauci, su ne suka sa Kofur a tsakiya. Mutum nawa ka kashe? Yaya ake ji a karon farko? Da gaske ne akwai masu maganin bindiga, a harba harsashi ya koma ruwa? Da gaske 'yan tawayen can suna sa rigunan mata da gashin kanti su fito yaƙi? An ce suna cin naman mutum, ka gani da idonka? Wani ma, mai gemu har ƙirji, sai ya sunkuyar da murya ya tambayi yadda matan can suke. Kofur yana amsa wasu, yana dariya ga wasu, in tambayar ta yi masa nauyi sai ya juya wa mai ita mataccen kunnen. Haushinsu nake ji, ina ce musu 'yan jin daɗi, amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, in na zo wucewa nakan rage tafiya. Ni ma ina so in san ko ƙanena, wanda ba ya iya kallon an yanka kaza, ya kashe ɗan wani.

Ranar da Kofur ya iso ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya yi mata ta'aziyya, ta sa masa albarka, ta ba shi fura. Ba ta tambaye shi kome ba. Bayan ya tafi ta ce, "Bakina ba zai iya ba. Kai ka tambaye shi."

Na tare shi a kan hanyar rijiya, mu biyu kaɗai. Na bi ta gefen kunnensa mai ji, muka gaisa, na tambayi jikin Malam mahaifinsa, sannan na ce, "Kofur, wa ya binne shi?"

"Ni ne, Yaya. Da hannuna." Yaya yake ce mini tun yana ƙarami, yadda ƙanena yake faɗa.

Na ji sanyi a raina. Na ce, "Allah ya saka maka. To a wane ɓangare ka kwantar da shi?"

Ya tsaya. Ya dube ni sosai, sannan ya ce, "Akwai ɓangare ne?"

Gabana ya faɗi, kuma ni in gabana ya faɗi masifa ce take fitowa. Na ce masa shekara ashirin da wani abu ya yi a cikinmu, ya ci tuwonmu, ya sha ruwanmu, a ce bai san yadda muke binne mutanenmu ba? Na zayyana masa uwa da 'ya, dama da gabas, ina faɗa ina nuna shi da yatsa. Sai da na kai gida zuciyata ta sauka na tambayi kaina, a ina zai sani? Duk rasuwar da aka yi a ƙauyen nan, shi da mahaifinsa a tabarmar gaisuwa suke tsayawa, in an ɗauki makara su miƙe su bi ta da ido. Ba wanda ya hana su bin mu, ba kuma wanda ya taɓa ce musu su zo.

Na ce wa Inna yaron bai gama warwarewa ba tukuna, a ba shi lokaci. Ta ce to. Amma kowace Juma'a in na dawo daga masallaci na shiga gaishe ta, sai ta ce, "Ya faɗa maka?" A lokacin idonta ya fara dishi-dishi, ƙafa ma ta fara gazawa, kuma na san ba shekaru ne suka rage mata ba.

Daga nan Kofur ya daina zama a majalisa. Sai na fara ganinsa a wani wuri. In muna rufe gawa, na ɗago kai daga cikin rami, sai in hango shi can bayan shingen maƙabarta, tsaye cikin rana, hannuwa a baya, ba ya motsi. Ba ya matsowa, ba ya gaisawa da kowa, kafin a shafa addu'a ya ɓace. Sau uku na gan shi haka. Wasu ma sun gani, suka fara ƙus-ƙus.

Can tsakiyar damina, an gama huɗa, dawa ta fi tsawon mutum, lokacin da gonaki suke zama ba kowa, wasu mata masu ɗibar rama suka fito a guje ba ɗankwali. Sun ga kabari a tsakiyar gonar wani maƙwabcinmu. Mai unguwa ya aiko a kira ni, tunda aikina ne. Muka kutsa cikin dawa muka same shi, sabo fil, ƙasarsa ko bushewa ba ta yi ba, a buɗe, ba kowa a ciki. Rami ne mai faɗi, mai kusurwa huɗu, ya miƙe gabas da yamma, da wata 'yar tsaga a gefe wadda ba ta san abin da take so ta zama ba. Bangon a miƙe sumul kamar an sa ma'auni. Na ce wa mai unguwa wannan ba haƙar mutanenmu ba ce, kuma na yi nadamar faɗin haka tun kafin in rufe baki.

A wajenmu kabarin da ba gawa ma'anarsa ɗaya ce: an haƙa wa mai rai ne, ana kiransa. Kwana biyu sai mai gonar ya kwanta da zazzaɓi, ko da yake a wannan watan rabin ƙauyen zazzaɓi suke yi. Bayan mako guda aka sami na biyu a wata gona ta hanyar Kabo, bayan kwana goma na uku. Aka yi saukar Alƙur'ani. Mata suka daina shiga gona su kaɗai. Samarin da suka ɗauki Shari'a da zafi, waɗanda shekarar da ta wuce a gidan kallon bidiyo ake samunsu, suka fara zagaye da gora, suna cewa duk matsafin da suka kama ba sai an kai shi gaban alƙali ba. In sun zo wucewa ta gidan malamai sai su rage sauri.

Ni kuwa wani abu daban nake gani, don kowane sai da aka kira ni. Na biyun ya juyo kudu da arewa, amma 'yar tana manne da bango. Na ukun 'yar ta dawo tsakiya, gaɓar jera itace ta fito, sai dai ta yi tudu da kwari. Matsafi ba ya gyara aikinsa. Wannan mutum koyo yake yi, kuma yana da hannu. Sawun ƙarfen da ke jikin bangon ba na diga ba ne, ba na dagi ba, wani ƙaramin baki ne mai faɗin tafin hannu. Na karya kara na auna na ukun, na koma na gwada a wuraren biyun farko da aka cike, inda shatinsu bai ɓace ba. Duk tsawo ɗaya. Na tsayar da karan a jikina a nan cikin gona, ya wuce kaina da taƙi guda. Tsigar jikina ta tashi, don mutum ɗaya na sani da ya fi ni da daidai wannan, ƙanena, kuma mun sha gwadawa a tsakar gida Inna tana yi mana dariya.

Ban gaya wa kowa ba. Na je gidan malamai sau biyu, tsohon ya ce mini ɗansa yana fita da hantsi, ba ya dawowa sai la'asar, ba ya cin abinci. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, in ka san wani abu ka taimake ni." Na ce ban san kome ba, Malam.

Wata Talata bayan azahar na tafi duba gonarmu, wadda ƙanena yake nomawa kafin ya tafi. Gari ya yi lumshi, ba iska, ko ganye ba ya motsi. Ina shiga cikin kunya ta uku na ji sautin, tsaf, tsaf, a hankali, irin na mai gyaran bango ba mai fasa ƙasa ba. Na bi shi. Dawa ta rufe ni gaba da baya, ba na ganin kome sai kara da ganye, har na ɓullo inda aka sare 'yan tushiya aka yi fili.

Kofur ne a ciki, ba riga, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, da wani ƙaramin shebur na soja mai naɗewa a hannu. Ta gefen mataccen kunnen na zo, bai ji ni ba sai da inuwata ta faɗa cikin ramin. Bai firgita ba. Ya ɗago ya ce, "Yaya, duba mini wannan. Ya yi?"

Na zo da niyyar in zazzage shi, in ce masa so yake a kashe shi a kashe tsohonsa. Sai na sami kaina a tsugune ina duba aiki. Kudu da arewa daidai. Gaɓa a shafe. 'Yar ce kawai ta ɗan yi faɗi, kuskuren kowane ɗan koyo. Na ce masa ya yi. Ya fito ya zauna a kan tarin ƙasar, ni ina wancan gefen, kabarin yana tsakaninmu, ya fara magana ban tambaye shi ba.

"Kwanton ɓauna aka yi mana a hanyar daji. Bishiyoyin can sun rufe sama, ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba. A nan aka same shi." Ya taɓa ƙasan haƙarƙarinsa. "Bai daɗe ba. Ya yi kalmar shahada, na ji da kunnen nan, a lokacin yana aiki. Oga ya ba da oda, minti ashirin mu tashi. Sauran da suka faɗi, gefe aka ja su aka rufa musu ganye. Ni na ce ba zan bar shi haka ba. Da wannan shebur ɗin na haƙa." Sannan ya ce, "Jikinsa da ɗumi na rufe shi, Yaya. Shi ne abin da na kasa faɗa wa kowa. A wajenmu sai gawa ta kwana, dangi su taru, a yi waƙa. Ni ko sanyi ban bari ya yi ba."

Na ce, "Kai Kofur, mu ai da ɗuminsa muke so. Wannan ka yi daidai."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Shekara biyu yana ɗauke da abin da ba laifi ba ne. Sannan ya faɗi sauran, wanda shi a ganinsa nan ne ya kyauta. "Na kwantar da shi rigingine. Na harɗe masa hannuwa a ƙirji, na gyara masa wuyan riga, yadda na ga an yi wa kakana. Gabas kuwa, ko ka tambaye ni a ranar ban san inda take ba, rana ba ta fito ba. Da na gama na karya sanda biyu na ɗaure na kafa a kansa, don kada wani ya taka. Ita ce alamar da na sani."

Ƙanena, wanda ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara sha huɗu, yana kwance rigingine a ƙasar mutane da gicciye a kansa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma na dubi mutumin da ya tsaya haƙa rami ana harbi, lokacin da kowa yake ta kansa, na rasa ta inda zan fara faɗan.

"Da can ƙanenka ba ya zuwa mini," in ji Kofur. "Tun ranar da ka tambaye ni a hanyar rijiya yake zuwa. Ba mafarki ba, Yaya, da rana tsaka. A kunnen nan nake jinsa." Ya nuna na hagun, mataccen. "Ba ya faɗa, ba ya kuka. Cewa kawai yake, juya ni, bayana ya gaji. Shi ya sa na ce bari in koya. Amma in na gama haƙawa sai in tsaya, ba wanda zan juya."

Na san abin da na yi bayan nan ba ya cikin kowane littafi, kuma da Liman ya ji da ya yi mini wa'azi mai tsawo. Na tuɓe hula da takalmi na ajiye. Na sauka cikin uwar, na zura ƙafa cikin 'yar, na kwanta rigingine, kai a kudu. Faɗin nan da na ce kuskure ne, shi ya ba ni damar kwanciya haka. Ƙafafuna ba su kai ƙarshe ba, da sauran taƙi guda.

Na sa mutane da yawa a irin wannan wuri, ban taɓa sanin haka yake ba. Sanyin ƙasar ya ratsa rigata nan take. Duk wani sauti na duniya ya yanke, sai bugun jinina. Sama ta koma wani ɗan siririn ƙyalle fari, ganyen dawa sun leƙo ta gefe da gefe. Sai kan Kofur ya tare hasken. Ya sauko ya durƙusa a kan gaɓar, ya kama hannuwana ya harɗe su a ƙirjina, ya gyara mini wuyan riga. Yatsunsa sun fi ƙasar sanyi. Na rufe ido.

Ya kira sunan ƙanena. Ba da ƙarfi ba, yadda ake ta da wanda ya makara. Aka amsa. Shekara da shekaru ina juya wannan a raina, kuma abin da ya fi kusa da hankali shi ne ni na amsa, tunda muryarmu ɗaya, kowa ya sha faɗa. Amma ban tuna na buɗe baki ba.

Ya warware hannuwan. Ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗata ta hagu, ɗaya a ƙugu. Ban taimake shi ba, na saki jiki gaba ɗaya, na bar masa nauyina. Ya yi nishi, ya ɗaga, ya mirgina ni a hankali har kuncina na dama ya taɓa ƙasa, hancina ya kusa goga bangon gabas. Ya miƙar mini da ƙafafu, ya tura 'yar ƙasa a bayana don kada in koma. Ban koya masa wannan ba, daga bayan shinge ya gani. Sai ya tsaya, na gane bai san abin da ake faɗa ba. Daga nan cikin ramin, bakina a jikin ƙasa, na karanta addu'ar da muke yi in mun sa mamaci. Ya ce amin.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Sai da na ji ɗigon ruwa a kunnena, na zaci sama ce ta fara, ashe hawayensa ne. Na ce, "Kofur, fitar da ni, kada ka saba." Ya yi wata irin dariya mai haɗe da shessheƙa, ya miƙo hannu ya ja ni.

Muka cike ramin tare, muka daddale, muka watsa ciyawa a kai. Na ce masa, "Yanzu fa?" Ya karkata kai ya saurara da kunnen hagun, ya daɗe, sannan ya ce, "Shiru." Na karɓe shebur ɗin na ce ya bi ta bayan gari ya koma gida. Ba a sake ganin kabari na biyar ba, mutane suka ce saukar Alƙur'anin ce ta yi aiki, ni ma na ce haka ne.

Daga gona kai tsaye na wuce ɗakin Inna, don na san in na tsaya wanka zan rasa ƙarfin halin. Tana zaune a kan tabarma da carbi. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba, sai ta ɗaga kai tana shaƙar iska.

"Wa ya rasu? Ban ji an faɗa ba."

"Ba kowa, Inna."

"Ƙasar ƙasa nake ji a jikinka, ba ta gona ba. Matso."

Na matsa. Ta laluba fuskata, ta shafa kuncin hagu, ta shafa na dama, yatsunta suka tsaya a kan ƙasar da ta manne. Ta bi kafaɗa ta sauka har gwiwar hannu, duk ɓangare ɗaya. Na yi sauri na faɗi abin da na shirya tun a hanya.

"Na tambayi Kofur, Inna. Shi ya binne shi da hannunsa, da ɗuminsa, bayan ya yi shahada. A kan damansa yake, yana kallon gabas."

Hannunta bai bar kuncina ba. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na nemi ƙaryar da zan ɗora a kai na rasa. Na ce, "Tun ɗazu, Inna. Bayan azahar."

Leɓɓanta suna motsi, ban ji abin da take faɗa ba. Can ta sauke hannu ta ce in aika a kira yaron nan ya zo ya ci abinci. Na miƙe, na ɗaga hannu zan kakkaɓe rigata, sai ta riƙe gefenta.

"Kar ka kakkaɓe. Tuɓe ka ba ni."

Na tuɓe na miƙa mata. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta naɗe a hankali, ɓangaren ƙasar yana ciki don kada ko ƙwaya ta zube, ta rungume ta a ƙirji. A lokacin ne ta fara kukan da ba ta yi ba shekara biyu da suka wuce, ni kuma na fita tsakar gida ba riga, na ja mata labule.